Kwano Biyu a Bayan Randa

Duk lokacin da aka ɗebo sababbin yara za a tura su ƙauye yin tambayoyi, sai a aiko mini mota nan Bacirawa, a ce Inna ta zo ta yi musu bayanin yadda ake shiga gidan mutane. Nakan je, don zaman gidan ma ya ishe ni. In tarar da su reras a kan benci, kowa da ƙaramar kwamfutarsa a hannu yana latse-latse. A zuwana na baya-bayan nan wata yarinya mai fara'a ta ce da ni, "Inna, wai wannan ma har sai an koya? Ai zama ne a tabarma, ki yi tambaya a ba ki amsa, ki tura wa mutum katin waya, ki tashi." Sauran suka yi dariya. Ni ma na yi, don ba da raini ta faɗa ba. Lokaci bai isa in amsa mata yadda nake so ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan a hankali, da irin rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci. In kun ga inda ya karkace ku yi haƙuri, da girmana na kama fensir.

Aikin farko da aka ɗauke ni na sana'ar mata ne, a ƙauyukan da ke kewaye da Dawakin Tofa: wace ce ke yin ƙuli-ƙuli, wace ce ke saƙar faifai, me take samu, wa take ba. Masu binciken maza ne daga birni, namiji kuwa iyakarsa zaure. Sai suka nemi matar aure mai 'ya'ya wadda ta iya rubutun boko, malamar ajinmu ta nuna ni. Maigidana ya ce in dai zan riƙa dawowa kafin magariba, ba laifi. Aka haɗa ni da Yaya Asabe, wata dattijuwa da ta daɗe tana karɓar haihuwa kafin ta koma wannan aiki. Allah Ya jiƙanta. Na yi makonni ban buɗe baki a gidan kowa ba, ina dai riƙe mata jaka ina kallo.

Jakar nan ita ce shagonmu. A ciki akwai ɗan allo mai ƙarfen da ke maƙale takardu, da fensir, da rezar fiƙe shi, da ɗan gwangwanin tawada na dangwala yatsa, da rikoda mai cin kaset. Batirinta in ya yi sanyi mukan shanya shi a kan mota ya sha rana, ya ɗan farfaɗo. Yaya Asabe ta hana ni sa ɗan kunne mai ƙyalli, ta hana ni turare. Ta ce in an kawo mini kujera alhali matar gida na ƙasa, in ture ta in zauna a tabarma. Kuma duk aikin da na tarar a hannun mace in sa nawa hannun. In gyaɗa take ɓarewa in ɓare, in wake take tsincewa in tsince. "Tambayarki ba ta dafa mata tuwo," in ji ta. "Duk lokacin da ta ba ki, daga bakin 'ya'yanta ta ciro shi." Daga nan maganar abin hannu ta samo asali, wato ɗan abin da muke ba wadda ta zauna da mu. Ofis na ce masa ladan ɓata lokaci, mu abin hannu muke cewa. A duk aikin nan babu abin da ya kai shi wuya.

A wancan aikin na farko kuɗi muke bayarwa. Mace ta gama zuba mana bayani, mu damƙa mata, mu fito mu tarar da maigida a zaure yana jira. Kafin direba ya tada mota kuɗin sun canja aljihu. Wani ma ba ya ɓoyewa, cewa yake, "Da izinina ta yi maganar, ko ba haka ba?" Sai aka koma sandar sabulu. Wannan ta zauna daidai, don namiji ba ya kokawa a kan sabulu, mace kuwa ta yanka da zare, ta yi wanki da rabi, ta sayar da rabi. Daga baya wasu baƙi masu sakin hannu suka zo da bincike a kan cututtuka, suka ce sabulu ya yi kaɗan, turmin atamfa za su bayar. Yaya Asabe ta girgiza kai. Nan da nan labari ya zaga. Duk gidan da muka shiga sai mu tarar an share tsakar gida, mata sun jeru, kowace da ciwonta. Ciwon kai? E. Ciwon baya? E. Wata baiwar Allah ta amsa e ga duk abin da na karanto, har da larurar da maza kaɗai ke yi. Na ɗago kai na dube ta. Ta ce, "To Malama, in ba a buƙata ki goge. In kuma tana cikin sharaɗin atamfar, ki bar mini abata." Takardun wannan aiki da yawa ba su amfanu ba. A mota Yaya Asabe ta ce abin hannu in ya yi kaɗan raini ne, in ya yi yawa ya zama igiya a wuyan mutum, sai inda ka ja shi.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke alhali gero na da ciki. Ku da kuka taso a birni ba ku san yadda gona ke yi ba in ta ƙone a tsaye. A ƙasarmu gona na jingine da gona, gida na kallon gida, babu dajin da mutum zai shiga ya samo wani abu. Kafin bazara rumbuna sun zama ɗakin kaji, kajin ma an sayar. Maza suka watse ci-rani, wasu Kano, wasu kudu. Mata suka koma dafa dusa da tafasa. A kan wannan kuma sai baƙon dauro ya shigo, ya bi yara gida-gida.

A lokacin ne wata likita daga birni, Dakta muke ce mata, ta kawo aikin tambayar mutuwar yara. Yawancin yaran ƙauye a ɗaki suke cikawa, a binne su kafin rana ta yi zafi, babu takardar da ta san sun zo duniya balle ta san abin da ya ɗauke su. Dakta na so a je wurin uwar duk yaron da ya rasu bai kai shekara biyar ba, a bi ciwon da tambaya tun daga farinsa har ƙarshe, don hukuma ta san irin taimakon da za ta turo. Aka ba mu ƙauyukan bayan Makoda. Da aka zo maganar abin hannu, Yaya Asabe ta ce kuɗi ba su da amfani yanzu, hatsi na tashi duk ranar kasuwa. Dakta ta kai maganar gaban kwamitin da ke duba kada bincike ya cuci mutane, suka yanke kwano biyu na gero da sabulu ga kowace uwa. A shekarar lafiya kwano biyu abin kai wa maƙwabciya ne in ta yi baƙi. A wannan shekara kunun kwanaki ne na gida guda.

Gidan farko ni na yi tambayar. Ita uwar, yarinya ce ƙarama, ta amsa komai kanta a sunkuye. Da muka gama na ɗauko ƙullin geron na miƙa mata, kamar yadda muka saba yi da sabulu. Ta dubi ƙullin, ta dube ni, ta mai da hannuwanta baya. Ta ce, "Sayar muku da shi na yi?" Haka muka fito da geronmu.

Yaya Asabe ce ta gyara. Ta ce ai mu ma mun san ba a zuwa gaisuwar mutuwa hannu rabbana, kuma mai kawo abin gaisuwa ba ta miƙawa a hannu, ajiyewa take a gefe ta yi kamar ba ita ba. Daga ranar, in mun yi sallama an amsa, kafin mu zauna sai in zame in ajiye ƙullin a bayan randar ruwa da ke bakin ɗaki. Sannan mu durƙusa mu yi gaisuwa: ya haƙuri, Allah Ya sa mai ceto ne. Sai can in an nitsa in ce, "Abin da ke bayan randa naki ne, ko kin yi magana da mu ko ba ki yi ba. In kin ce mu tafi, yanzu za mu tafi, ba mai jin haushi." In ta yarda ta dangwala yatsa, in kunna rikoda. Ku riƙe wannan, don har gobe yana aiki. Geron ɗaya ne, amma in ya riga magana zuwa gaisuwa ne, in ya biyo bayanta ya zama farashi.

Sai dai akwai wani abu. A ayyukan baya mata kan sallame mu tun daga ƙofa, wata ta ce tana da daka, wata ta ce maigida bai ce ba. A wannan shekara, tun da muka koma bayan randa, ban ji mace ɗaya da ta ce a'a ba. Na faɗa wa Dakta, a zatona abin yabo ne. Sai ta ce ita wannan ne ya fi damunta. Ta ce mai jin yunwa in ya ce to, ba ka san ko shi ne ya faɗa ko cikinsa ba. Akwai matan da suke amsa mini hawaye na zuba, in ce mu dakata, su ce a'a, ƙarasa, ai kin riga kin kawo. Bayan randa ya rufa musu asiri, amma bai sauke musu nauyin ba.

Ƙauye kuma ya gane mu. Farar motarmu in ta tsaya a gindin rimi, matan bakin rijiya su ce ungulu ta sauka. Akwai wata tsohuwa mai daddawa da ba ta barinmu mu wuce salin-alin.

"Sannunku masu jewa. Yau gidan wa aka yi sa'a?"

Malam Hadi, direbanmu, ya ce, "Iya, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronSa, shi ya sa nake tambaya a fili. Ni tsohona na can kwance, ba ya noma, ba ya mutuwa. Ba kwa ba da kwano ɗaya kafin alƙalami?"

"Ai shi ya wuce shekara biyar, Iya."

"A gemu ya wuce. Ka zo ka ga kukan da yake yi in kunu ya ƙare."

Mata suka kwashe da dariya, mu ma muka yi. Amma na lura masu goyo ba sa dariyar. Karkacewa suke yi su sa jikinsu tsakaninmu da yaran, don kada idonmu ya sauka a kansu.

Ba a jima ba aka fara aron gawa. Na yi wa wata mata tambaya, ta ba ni labarin ɗanta mai tabon ƙuna a gwiwa, wanda ya nemi rake ranar da zai cika. Bayan 'yan kwanaki, a wata unguwar, wata matar ta ba Yaya Asabe labarin yaro mai tabon ƙuna a gwiwa da ya nemi rake. Da muka saurari kaset ɗin a mota muka gane. Ashe matan biyu yaya da ƙanwa ne. Yaron na yayar ne, ƙanwar ta yi jinyarsa tare da ita, don haka duk abin da ta faɗa ya faru, in ban da cewa da ta yi ita ta haife shi. Ba mu koma mun karɓi geron ba, ba mu kuma tona ta ba. An dai cire takarda ta biyu, don in an bar ta yaro ɗaya ya mutu sau biyu ke nan a lissafin Dakta. Daga nan aka kafa doka: ba za mu shiga gida ba sai limamin da ya sallaci yaron ya ba da sunansa.

Wata Laraba ina gidan wata mata mai suna Lami, wadda 'yarta ta rasu. Dangar kara ce tsakaninsu da maƙwabta, kuma tun da na fara tambaya nake ganin inuwar mutum ta cikin karan. Da na tashi tafiya sai na ji murya ƙasa-ƙasa.

"Malama. Don Allah ki leƙo."

Yaya Asabe tana wata unguwa ranar, ni kaɗai ce. Na zaga na shiga. Sunanta Hanne. Mijinta ya tafi ci-rani kudu tun kaka, ba aike ba labari. Ita ce da uwar mijin, tsohuwa da idonta ya yi rauni, da 'yarta Indo mai kamar shekara biyar, da ƙaramin, wanda take kira Abba don sunan mahaifin mijinta aka sa masa. Yana kwance a kan zani a inuwar rumbu. Baƙon dauron ya sake shi, amma ya bar shi da gudawa. Ƙafafunsa sun kumbura suna sheƙi, gashin kansa ya yi ja ya kwanta. Na danna yatsa a bayan ƙafarsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Na sha jin wannan siffa daga bakin iyaye mata, amma duk bayan an binne.

Hanne ta shimfiɗa mini tabarma, ta zauna ta gyara ɗankwali kamar wadda aka zo dominta.

Ta ce, "Ki tambaye ni."

Na ce, "Me zan tambaye ki, 'yar'uwa?"

"Abin da kika tambayi Lami. Na ji duka, na riƙe. Zazzaɓi, e, shi ya fara. Ƙuraje, e. Tari, e. Gudawa, har yanzu. Kumburin ƙafa, ga shi kin taɓa da hannunki. An kai shi asibiti, a'a. Me ya hana, kuɗin mota. Duk ina da amsa. Guda ɗaya ce ba ni da ita, wadda kika ce wace rana ya cika. Ita sai ki sa duk ranar da kika ga dama."

Tsohuwar ta ce daga ƙofar ɗaki, "A'uzu billahi! Hanne, da bakinki?"

"Iya, baki ba ya kashewa. Ni na ga abin da ke kashewa." Ta juyo gare ni. "Ki rubuta, ki ajiye a bayan randa, in dama masa kunu. In ya tashi, takardarku ce ta yi ƙarya, ba wanda ya mutu. In bai tashi ba, kin rage wa kanki dawowa."

Na ce mata sai liman ya ba da suna. Ta ce liman kawun mijinta ne, ta riga ta aika masa, ya ce ba zai binne mai rai da baki ba. Na ce ƙullin da na fito da shi yau ɗaya ne, yana bayan randar Lami. Haka ne kuwa, a ƙirge ake ba mu, kowane gida da ƙullinsa. Na ce zan kai maganarta gaba. Ta ce to. Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta naɗe tabarmarta tun ban kai ƙofa ba.

Da la'asar Dakta ta zo duba takardu, muka zauna da ita da Yaya Asabe a gindin rimin. Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na ce, "Dakta, ga buhu a mota. Muna ba wadda nata ya tafi, muna tsallake wadda nata ke numfashi."

Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi. Ta ce ta sani. Ta ce ta jima da rubuta wa masu ba da kuɗin aikin, tana neman a bar ta ta juya wani kaso ya zama abincin yara marasa lafiya, har yanzu ba amsa. Ta ce, "Maman Sadiya," haka take kirana, "in na buɗe buhun nan don Abba, gobe da safe za ki tarar da Abba a kowane gida, kuma duk na gaske ne, babu na aro. Kafin azahar buhu ya ƙare a unguwa ɗaya, aiki ya tsaya, lissafin da nake so in kai wa hukuma don ta turo abinci da magani ya tsaya da shi. In kuma na bar ki kika rubuta mai rai a matacce, lissafin ya zama ƙarya, duk wanda ya gano ya yar da shi gaba ɗaya."

Yaya Asabe ta ce, "Duk gaskiya ne, Dakta. Amma shi yaron ba zai jira lissafi ba."

"Ba zai jira ba," in ji Dakta.

Ta mai da tabaraunta, ta koma kan takardun.

Abin da aka iya yi an yi. Washegari Malam Hadi ya ɗauki Hanne da yaron ya kai su ɗakin shan magani. Aka ba shi ruwan gishiri da sukari da wani maganin sha, nas ɗin ta ce magani ya yi nasa, saura abinci. Dakta ta sayi kwano ɗaya a kasuwa da kuɗin jakarta, ta ce a kai, kada a ambaci aiki. Ni da Yaya Asabe muka ƙara ɗan garin kunu daga gidajenmu, abin da bai taka kara ya karya ba, don nawa gidan ma a lokacin sau ɗaya ake ɗora tukunya. Baki huɗu ne a gidan Hanne. Da muka iso gindin rimi da safe, masu goyo na zaune a jere suna jiranmu. Wannan karon sun kwanto yaran sun ɗora a cinya, sun juyo mana da fuskokinsu. Tsohuwa mai daddawa tana wurin, ba ta yi mana ba'a ba. Muka sauka muka ratsa ta cikinsu da jakunkunanmu. Ba a daɗe ba aka mai da mu ƙauyukan gabas.

Shi ya sa nake ce muku, ku yaran yanzu, kafin ku hau mota ku tsaya a ofis ku yi tambaya. Kowa ya iya tambayar nawa za a ba wadda ta amsa. Ku tambayi abin da za a yi da ta bayan danga, wadda ke jin komai kuma ba ta cikin waɗanda aka aike ku wurinsu. Ku tambayi inda za ku tura yaron da kuka tarar a kwance, da wanda zai biya mota, da ko akwai abinci a can. In ba su da amsa, ku sa su nemo tun kuna birni. Ayyukan da na yi daga baya wasu sun zo da wannan shiri, wasu ba su zo da shi ba. Katin wayar da kuke turawa yau kuma kada ya ruɗe ku. Maƙwabciya na jin ƙarar shigarsa.

Ruwan farko ya sauka an fara shuka muka dawo ƙauyen su Hanne karɓar sababbin sunaye. Liman ya zo bakin mota, yana faɗa ina rubutawa. Can sai ya faɗi wani suna da ban taɓa ji ba, ya ɗan tsaya, ya ce, "Wanda suke ce wa Abba." Yaya Asabe ta ce ita za ta je. Na ce ni ta kira ta danga, ni zan je.

Na yi sallama, tsohuwar ta amsa. Rumbun na nan, zanin da ke inuwarsa babu. Hanne na zaune a bakin murhun da ba wuta, Indo na jingine da ita. Na nufi randa da ƙullina yadda na saba.

Ta ce, "A'a, Malama. Kar ki sa a nan."

Na tsaya.

"Riƙe abinki tukuna. Zauna mu yi aikin."

Na durƙusa na ce ya haƙuri, Allah Ya sa mai ceto ne. Ta ce amin. Na fara karanta mata cewa tana iya ƙin magana, ta miƙo babban yatsa tun ban kai rabi ba. Na ƙarasa karantawa duk da haka, don haka aikin yake. Ta dangwala. Na kunna rikoda.

Ta amsa tiryan-tiryan kamar yadda ta jero mini a karon farko. Ba ta canja ko ɗaya ba sai ta asibiti, wadda yanzu ta zama e. Ta faɗi inda kwanon Dakta ya kai su, da yadda aka yi bayan ya ƙare, da lokacin da yaron ya daina karɓar ko ruwa. Na zo kan tambayar ƙarshe. Na ɗora fensir a kan layin, ban karanta ba.

Ta ce, "Karanta mana. Lami kin karanta mata."

Na ce, "Wace rana ya cika?"

"Talata, bayan la'asar. Ana ta murnar hadari." Ta dubi rikodar, ta ga kaset na juyawa. "Shi ke nan? Ba wadda na bari?"

Na ce babu.

"To kawo. A hannu."

Na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu. Ta kwance ƙullin a gabana, ta ɗauko kwanonta ta auna, ta ga ya cika biyu. Sabulun ta tura wa tsohuwa. Ta ɗebi geron kaɗan ta zuba a turmi, ta leƙa ta danga ta ce Lami ta sam mata garwashi. Na ajiye allo na ɗauki ɗaya taɓaryar, yadda aka koya mini, muka surfa, muka daka. Ta dama kunun, ba tsamiya ba sukari. Ta zuba a ƙoƙo, ta fifita, ta miƙa wa yarinyar.

Indo ta riƙe ƙoƙon ba ta kai baki ba, tana kallon uwarta, don ta saba a ce ta bari ƙaninta ya fara sha.

Hanne ta ce, "Sha abinki, Indo. Abba ne ya samo mana."